Ƙura Ba Ta Shiga Ɗakin Dido

Tun ranar da likita ya ce ƙurar gida ce ke tayar wa Lesya da asma, ban ƙara zama na miƙe ƙafa a gidan nan ba. Da safe kafin ta tashi na goge saman kabad da bayan talabijin da bakin tagogi. Zanen gadonta duk mako sai ya sha ruwan zafi. 'Yan tsananta na auduga ina ƙulle su a leda in jefa cikin firiza su kwana, don an ce sanyi yana kashe ƙananan ƙwarin da ke ɓuya a cikinsu, ita kuma ta tsaya bakin firiza tana yi wa zomonta sai da safe. Duk da haka, da yamma in rana ta ratso ta tagar falo, sai in ga ƙurar tana yawo cikin hasken hankalinta kwance, kamar ita ta gina gidan.

Gidan na surukina ne, Orest, mahaifin mijina Myron. Lesya Dido take kiransa, kakanta ke nan, har ni ma na bi bakinta. Mun tare a nan bayan rasuwar matarsa Stefa, don kada tsohon ya zauna shi kaɗai, mu ma mu sami mai kula da yarinya. Myron yana aikin haƙar ma'adinai can arewa, sai ƙarshen wata yake leƙo mu nan garin Saskatoon da jakar wanki da barcin da ya taru masa. Ni kuma daga tsakar rana zuwa yamma ina karɓar marasa lafiya a wani ƙaramin asibitin haƙori. Lesya shekararta huɗu. Sau ɗaya an taɓa kwantar da ita a asibiti, da roba a hanci, kuma na yi wa kaina alkawari ba zan sake ganin haka ba.

Abin da ya fi ƙarfina shi ne kafet. Kore ne, mai kauri, ya fara daga bakin ƙofa ya cinye falo, ya hau matakala, ya shiga kowane ɗakin kwana. Ya girmi Myron. In bi shi da injin shara har kafaɗata ta sage, in zubar da abin da injin ya tara, in sake bi, ya sake cika.

Ɗaki ɗaya ne a gidan babu kafet, shi ne ɗakin sauraren Dido, can ƙarshen lungu a ƙasa. Nan yake ajiye faya-fayansa na garmaho, sun cika bango guda, da manyan lasifikoki biyu masu tsayin Lesya. Ba a shiga da takalmi, ba a shiga da rigar ulu, ba a shiga da abinci. Yara kuwa ko a bakin ƙofa ba a son ganinsu. Daɓen katako ne, kullum sai ya bi shi da jiƙaƙƙen tsumma a durƙushe, shi da ke kukan gwiwa in an ce ya fitar da shara. Ya liƙa roba a ƙarƙashin ƙofar don kada iskar lungu ta shiga. Babu labule. Kujera ɗaya ce ta fata, a daidai inda ya yi mata alama a ƙasa, sai wani benci na katako da abokinsa Wally ke zama a kai. A kusurwa akwai na'urar tace iska wadda ta ninka ta ɗakin Lesya girma, tana aiki dare da rana.

“Ƙwayar ƙura ɗaya,” in ji shi, “in ta faɗa kan faifai allura ta bi ta kanta, sai ki ji ƙas! Kamar an karya ashana a tsakiyar waƙa.”

Gaskiya a wurinsa na koyi rabin abin da na sani. Shi ya ƙwace busasshen tsumma daga hannuna ya ce tayar da ƙura kawai nake yi, tana jira in juya baya ta sauka inda ta taso. Shi ya koya mini in fara daga sama in gangaro, in jira iska ta kwanta bayan shara kafin in yi guga. Duk garin nan ban ga wanda ya tsani ƙura kamarsa ba. Shi ya sa abin ya fi ci mini rai.

Wata Asabar na same shi a kicin yana soya tsiran alade da albasa, na ce, “Dido, likita ya sake maganar kafet ɗin nan.”

“Likitan nan naku shekarunsa nawa? Kafet ɗin nan ya girme shi. A kansa Myron ya yi rarrafe, ga shi nan ƙato kamar sa.”

“Myron ba shi da asma.”

“To ki ƙara bi da injin. Ba ke ce duba-garin gidan ba?”

“Me ya sa ɗakinka babu kafet?”

“Ɗakina akwai faifai.”

“Ɗakinta kuma akwai ita.”

Ya ci gaba da juya albasa. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba, “Stefa ce ta zaɓe shi. Shaguna nawa ta ja ni kafin ta sami wannan koren. In na mutu ku ɓamɓare, ku haɗa da bangon in kuna so.”

Na ɗauki tsummana na fita.

Da Myron ya kira da yamma na faɗa masa yadda muka yi. Muryarsa tana zuwa tana yankewa, ana jin hayaniyar ɗakin cin abincinsu a bayansa.

“Kendra, ki yi haƙuri da shi. In na dawo zan yi masa magana.”

“Wancan watan ma haka ka ce. Ka dawo kuka zauna kuna kallon wasan hoki na kan ƙanƙara.”

“Tsoho ne, a hankali ake binsa.”

“Ka ji ni da kyau, Myron. In yarinyar nan ta sake kwana a asibiti, zan ɗauke ta mu tafi garin Regina wurin gwaggona. Ɗaki ɗaya ne, a kan kujera zan riƙa kwana, aikin ma in bar shi. Amma daɓen wurin siminti ne da leda.”

Ya san ba barazana nake yi ba. Ni ma ba so nake ba. Gwaggo tana da kirki, amma Lesya ba ta santa ba, kuma Dido, duk taurin kansa, shi ke yanka mata tuffa siffar jirgin ruwa, shi ke ɗaure mata igiyar takalmi yana yi mata waƙar da babu mai gane ta.

Abin da ya riƙe ni shi ne barcin ranarta. Bayan na tafi aiki Dido yana ba ta abinci, ya kai ta sama ya kwantar, shi kuma ya shige ɗakinsa ya saurari faifai. Saboda ƙofarsa ba ta barin sauti ya shiga, na karɓo wata tsohuwar na'urar jin motsin jariri a wurin ƙawata. Kashi biyu ce: ɗaya a jone a soket kusa da gadon Lesya, ɗaya mai batir a wurin Dido. In ta yi tari zai ji. Kullum na dawo tambayata ɗaya ce tun ban cire takalmi ba, amsarsa ma ɗaya ce.

“Ko tari ɗaya ba ta yi ba. Barci kamar an ajiye buhu.”

Na yarda da shi, don Dido ba ya ƙarya. Na faɗa wa likita da rana lafiyarta lau, da yamma ne ƙirjin ke tashi. Ya rubuta, ya ce to ci gaba ake samu. Da wannan nake lallashin kaina duk lokacin da na ga idanunta sun faɗa, tana tura cokali cikin miyar jan gwoza ba ta sha.

Ranar da abin ya faru farkon sanyi ne, dusar ƙanƙara ta fara kama ƙasa. Likitan haƙorin da nake wa aiki zazzaɓi ya rufe shi, aka sallami kowa, na kamo motar bas na dawo gida da rana tsaka. Har na fara murnar zan sami ɗan kwanciya. Motar Wally na gani a ƙofa, na san suna ciki.

Ina buɗe ƙofa na ji wani abu ba daidai ba, amma ban gane mene ne ba. Na tsaya da jaka a kafaɗa. Gidan ya yi tsit. Ba irin shirun gidan da yaro ke barci ba. Firji ba ya gurnani. Injin ɗumama gida, wanda a wannan lokacin ba ya hutawa, shi ma shiru, falon har ya fara sanyi. Na ɗauka an ɗauke wuta, sai na ga fitilar lungu a kunne, kuma daga ƙarshen lungun kiɗan fiyano yana fitowa can ƙasa-ƙasa.

Sai na ji wani sauti daga sama, siriri, kamar ana fito ta tsinken ciyawa.

Ban san yadda na hau matakalar ba. Lesya tana zaune a tsakiyar gado, ta dafa gwiwoyinta da hannu biyu, kafaɗunta suna hawa suna sauka. Ramin wuyanta yana lotsawa duk jan numfashi. Hawaye sun bushe a kumatunta. Na'urar tace iskar ɗakinta a mace take. Ta jin motsin ma a mace, ko ɗan haskenta babu.

“Mama,” ta ce, ta tsaya ta nemi iska, “na kira Dido.”

“Na zo, 'yar Mama. Kada ki yi magana.”

Maganin shaƙarta yana cikin aljihun tebur. Na girgiza shi, na sa a bututunsa, na rufe mata hanci da baki, na zaunar da ita a cinyata bayanta a ƙirjina. Na yi mata magana da murya a kwance, wannan na koya tun a asibiti. Ja a hankali. Sake. Yawwa, haka. Na sake matsawa, muka jira. Ina kallon leɓɓanta, ina kallon wayata, na riga na yanke cewa in launinsu ya canza motar asibiti zan kira, ba zan tsaya neman kowa ba. A hankali fiton ya fara yin ƙasa. Kafaɗun suka sauka. Ta jingina kanta a hannuna, jikinta duk zufa cikin ɗaki mai sanyi.

“Kullum kina kiransa?” na tambaye ta.

“Wani lokaci. In bai zo ba sai in zauna. In na zauna yana tafiya da kansa.”

Na kira asibitin yara na faɗa wa nas abin da ya faru. Ta sa na kai wayar kusa da bakin Lesya, ta yi mini tambayoyi, ta ce in sa mata ido, in kawo ta da safe, in kuwa ya dawo kafin nan kada in jira. Na ajiye wayar. Na naɗe Lesya a bargo na saɓa ta a kafaɗa, na sauka.

Ban ƙwanƙwasa ba. Na tura ƙofar ɗakin sauraren da ƙafa, da takalman sanyina masu jiƙaƙƙen gishirin da ake zuba wa titi don narkar da ƙanƙara, da rigar ulu a jikina. Dido yana kan kujerarsa ido rufe, hannu ɗaya a sama yana bin kiɗan. Wally, tsohon direban bas mai tumbi da sanƙo, yana kan benci cikin safa. Shi ya fara ganina.

“Kai, Orest, tashi! Hukuma ta iso, da takalmi kuma.”

Dido ya buɗe ido, ya dubi ƙafafuna kafin ya dubi fuskata. “Kendra! Daɓen...”

“Kashe abin nan.”

Ya ga Lesya a kafaɗata, ya ga bututun maganin a hannuna. Ya tashi ya ɗaga allurar daga kan faifan, ko a lokacin ma a hankali ya ɗaga ta. Shiru ya rufe ɗakin.

“Me ya sami wutar sama?”

“Ba abin da ya same ta. Ni na kashe daga akwatin wuta. Na ɗan lokaci ne, in mun gama ina mayarwa.”

“Ka kashe?”

“Firji da injin ɗumama da layin sama. In suna aiki ana jin su a lasifika, wani zuuu a ƙarƙashin kiɗan. Musamman na'urar nan ta ɗakinta, tun da kika kawo ta...” Ya dubi Wally. “Faɗa mata.”

“Ni dai kunnena na hagu ya mutu tun ina tuƙi,” in ji Wally. “Shi ke ji. Ni rakiya nake yi.”

“Tun yaushe kake haka?”

“Tun Stefa tana da rai. Ita har tuna mini take kada in manta da firji.” Ya nuna sama da hannu. “Ƙofar Lesya a rufe take, iskar da aka tace ba inda za ta je cikin ɗan lokacin nan. Kuma ga wannan, ina saurare. Ba ta yi tari ba, da na ji.”

Ya nuna na'urar jin motsin, tana kan hannun kujerarsa. Na ɗauke ta. A samanta akwai ɗan baƙin salatif, an yanka shi daidai wa daida an liƙa.

“Wannan fa?”

“Haskenta ne ke damuna. In mutum yana saurare ba ya son wani abu na ƙyalli a gefen idonsa.”

Na sa farce na ɓare salatif ɗin. A ƙarƙashinsa ɗan jan haske yana ƙiftawa, wanda ke nuna ɗaya ɓangaren ba ya aiki. Na juya masa ita ya gani.

“Ta ɗakinta a soket take, Dido. Layin da kake kashewa. Ba barci take ba, kai ne ba ka ji.”

Ya karɓi na'urar ya riƙe da hannu biyu. “Ba batir gare ta ba? Ai wannan batir gare ta. Na ɗauka duk...” Bai ƙarasa ba. Ya dubi Lesya. Ita kuma ta ɗago kai daga kafaɗata, ta ce masa da dasasshiyar murya, ba fushi ba komai, “Dido, na kira ka da yawa.”

Tsohon ya nemi bencin Wally ya zauna. Wally ya miƙe tsam, ya ce bari ya je ya mayar da wutar, ya san inda akwatin yake. Jim kaɗan na ji firji ya yi tari ya kama gurnani, injin ɗumama ya biyo baya.

A hanyar saukowa na tanadi maganganu da yawa, masu zafi, waɗanda na daɗe ina tarawa. Da na ga yadda ya zauna sai na ji ba ni da ƙarfin faɗarsu. Na zauna a kujerar fatar da ban taɓa zama a kai ba, Lesya a jikina. Na ce masa ya kunna tasa na'urar tace iskar, wadda ita ma ya kashe saboda kiɗan. Ya tashi ya kunna ba musu.

Muka zauna haka. Ban taɓa daɗewa a ɗakin ba, iyakata bakin ƙofa in ce abinci ya sauka. Rana tana shigowa ta taga ta faɗi a kan daɓen, na tsura wa hasken ido don na saba. Babu abin da ke yawo a cikinsa. Na ja numfashi, babu warin tsohon kafet ɗin nan da ya zame mini warin gida. Lesya ta yi nauyi a hannuna. Na sa tafin hannu a bayanta ina ji. Yana shiga, yana fita, ba ƙara. Na san maganin ne ya yi aikinsa, ban ruɗi kaina ba. Amma na kuma san wata nawa na yi ina neman ɗaki irin wannan da tsumma da bokiti, alhali yana nan ƙarshen lungu a rufe.

“Dido,” na ce, “gadonta zai dawo nan.”

Ya ɗago.

“Ko a ɓamɓare kafet, ko ta dawo ɗakin nan, ko mu tafi Regina gobe bayan mun fito daga wurin likita. Ba faɗa nake yi ba. Na gaji ne. Ka zaɓa.”

“Kendra, faya-fayan nan... yaro da hannu... ga bargo, bargo ƙura yake zubarwa.”

“Sai ka koya mini yadda za a yi da shi. Kai ka iya.”

Wally ya dawo ya tsaya a bakin ƙofa yana haki saboda hawan matakalar ɗakin ƙasa inda akwatin wutar yake. “Orest, in ka tsaya ciniki ni da kaina zan kai su Regina. Na san hanya.”

“Kai wa ya sa da kai? Kurma kawai.”

“Kurman da bai liƙe fitila da salatif ba.”

Dido ya juya. Ya daɗe yana kallon bangon faya-fayansa, sannan ya leƙa ta ƙofa inda koren kafet ya tsaya a bakin robar da ya liƙa. Na ga yana auna su biyun, kuma na san wanda ba zai iya taɓawa ba.

“Ba a jikin bangon faifai ba,” ya ce daga ƙarshe. “Tsakanin lasifikokin. Nan ne babu iskar taga.”

Wally ya kama baki. “Tsakanin lasifika? Ni da na ajiye hulata a wurin ka kusa korata gida!”

“Je ka ɗauko kan gadon, surutu.”

Su biyu suka sauko da gadon, suna karo da bango, kowa yana cewa ɗan'uwansa ne bai iya riƙo ba. Dido bai bari an shigar da shi ba sai da ya goge kowace ƙafa da jiƙaƙƙen tsumma. Katifar ya sa na bi ta da injin shara a lungu, gaba da baya, ya kawo wata rigar katifa mai zif da ban san yana da ita ba. Bargon ulun ya ce ba zai shiga ba, aka nemo na auduga. Ya durƙusa ya goge sawun takalmana, ni kuma ban ba shi haƙuri ba. Da Lesya ta farka ya tsugunna gabanta ya karanta mata dokoki: ba a taɓa allura, ba a taɓa faifai, ba a tura yatsa cikin lasifika. Ta ce zomonta fa? Ya ce zomo zai shiga in ya kwana a firiza. Ni ma na karanta masa nawa: akwatin wuta ya fita daga hannunsa, na'urar tace iska ba a kashe ta ko ana kiɗa ko ba a yi, in tana barcin rana ƙofa a buɗe, shi kuma a kusa.

Da safe likita ya ƙara mata wani magani, ya gyara abin da ya rubuta a baya, bai kwantar da ita ba. Myron da na faɗa masa ya yi ta salati irin nasu a waya, ya ce in ba shi babansa. Na ce ya bari, an riga an gama.

Ba zan ce ta warke ba. Har yanzu in ta yi wasa a falo ta kan tashi da tari, kafet ɗin yana nan inda yake, kafaɗata ma tana nan tana ciwo. Aikina ƙaruwa ma ya yi, don yanzu ɗakin nan da ƙa'idar Dido ake share shi, shi a durƙushe ta wannan gefe, ni ta wancan, yana bin bayana yana nuna inda na tsallake. Amma fiton da yamma ya ragu, tana cinye abincinta, jakar tafiya Regina da na sauko da ita daga saman kabad na mayar. Dido yana sauraren faifansa da hantsi, Lesya a kan bencin Wally tana lilo da ƙafa. Ya ce gadon ya kashe sautin, fiyano ya koma kamar ana kaɗa shi cikin kwali, firji kuma yana jin sa har cikin haƙoransa. Kullum sai ya faɗa. Ban taɓa amsa masa ba.

Abu ɗaya ne ban iya dainawa ba. Kowace rana in na sami sarari a wurin aiki, ina shiga ɗakin ajiyar kaya in kira gida.

“Dido, kai ni wurin firji.”

“Kin fara ko, duba-gari? Na ce miki ban taɓa ba.”

“Na sani. Kai ni.”

Sai in ji jan silifas ɗinsa a kan kafet, yana gunguni da yarensu. Ya manna wayar a jikin firji, in ji gurnanin. Daga nan ba sai na roƙa ba, ya bi lungu a hankali, ya shiga ɗakin, ya sauke wayar kusa da matashinta. In toshe ɗaya kunnen da yatsa in saurari numfashinta, har sai wani ya buga ƙararrawar tebur a waje, in koma bakin aiki.